Yawon sitiyari: rubutun aikin da nake yi wa tsohuwar motar jan tirelata

2 ga Maris

Toh yau dai na ce bari in fara rubuta aikin nan dan kar in manta abin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. Motar a-kori-kura ce babba mai dizal, fo-wil, aksil ɗin gabanta guda ne a miƙe ba irin na ƙananan motoci da kowace ƙafa ke motsinta daban ba, sitiyarinta kuma mai giyabos ne, wato ƙaramin akwatin haƙora da ke juya ƙafa, ba mai rak irin na ƙananan motoci ba. Mita ta nuna kilomita 412,000. Rabin rayuwarta tana jan tirela mai aksil biyu, wadda in an loda ta takan kai tan 3.

Matsalar yawo take yi. Kana riƙe da sitiyari a miƙe ita kuma tana sha'aninta, ka ɗan gyara hagu ta zarce, ka dawo dama ta sake zarcewa, haka za ka wuni kamar mai tuƙa kwale-kwale, in ko babbar mota ta wuce ka da iska sai ka ji gabanka ya faɗi. Tafiyar awa biyu kafaɗuna sun yi tsami. Ba girgizar nan ba ce da sitiyari ke kakkarwa a hannu in an faɗa rami, waccan daban ce, tawa lalaci ne kawai da rashin bin umarni.

Kafin in kwance ko noti ɗaya na auna wasan. Inji na aiki, tayoyi a ƙasa sun miƙe, na liƙa tef a bakin sitiyari na juya a hankali har taya ta fara motsi, na koma ɗaya ɓangaren. Santimita 9. Tara fa! Da wannan lambar zan riƙa gwada duk abin da na canza.

3 ga Maris

Na zaunar da ƙanena a kujerar direba na ce ya riƙa kaɗa sitiyari hagu-dama kaɗan-kaɗan da sauri, ni kuma na kwanta a ƙasa da tocila. Dole tayoyi su kasance a ƙasa da nauyin motar a kansu, in ka ɗaga ta da jak ba abin da zai nuna saboda babu abin da ke turjewa. Ido bai isa ba, sai ka kama kowace gaɓa da hannu ka ji ko ɓangare ɗaya na riga ɗaya motsi.

Abin da na tarar ya fi wanda na zata yawa. Kan doguwar sandar da ta taso daga hannun giyabos tana tsalle sama da ƙasa kafin ta tura. Tayarod ɗin dama, wato kan sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu, robarsa ta yage, giris ya tsere ƙasa ta maye gurbinsa. Sai tirak-ba, sandar da ke riƙe aksil kar ya zame gefe, duk juyi sai in ga bodin motar ya ɗan matsa gefe a kan aksil kafin tayoyi su juya. Ƙanena yana ta tambaya daga sama "Yaya ka gano?" na ce masa ci gaba da kaɗawa dai, ai ba ɓarawo ɗaya ba ne gungu ne.

Daga nan na ɗaga gaba na tokare da kyau, na kama taya sama da ƙasa na girgiza. Hagu shiru, dama ƙwas-ƙwas. Na sa ya taka birki na sake girgizawa, ƙarar tana nan, kenan ba boris ba ne, da boris ne birki zai riƙe shi wasan ya ɓace. Na zura tayaliba ƙarƙashin taya na ɗaga, bol-joyin ɗin sama na dama, gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta, na motsi ƙiri-ƙiri.

5 ga Maris

Yau na yi wauta, zan rubuta ta yadda take. Kayan da na yi oda ba su iso ba, hannuna kuma na ƙaiƙayi, sai na ce bari in ɗaure sukurun da ke saman giyabos ɗin sitiyari tunda kowa cewa yake shi ne maganin wasa. Na sassauta notin kulle na ɗaure rabin juyi cif. A tsaye kam sai murna, wasa ya ragu sosai. Da na hau titi abin ya fi da muni, sitiyari ya yi tauri a tsakiya, in na ɗan karkata sai ya maƙale a nan ba ya dawowa da kansa, kowace gyara sai ta zarce saboda sai na tura da ƙarfi kafin ya saki.

Abin da na mance shi ne haƙoran giyabos ɗin nan da gangan aka yi su sun fi matsewa a tsakiya, kuma sukurun nan tura haƙoran yake su ƙara shiga juna, ba ya gyara boris ko bushin da ya cinye a ciki. In za a taɓa shi ma kashi ɗaya cikin takwas na juyi ake yi a gwada, kuma sai an gama da duk sauran gaɓoɓin, dan in ba haka ba wasan tayarod kake ƙoƙarin kashewa a cikin giyabos. Allah ya taimake ni na yi alama da fenti kafin in taɓa, na mayar da shi inda yake.

9 ga Maris

Tayoyi. Wannan bai ci min ko sufana ba. Na sa geji na tarar da 80 a gaba duka biyu, wato iyakar abin da aka rubuta a jikin tayar. Takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba ta ce 60 a gaba. Ni ne da kaina na cika su haka shekarun baya da tunanin mai jan kaya dole ya cika iska, alhali nauyin tirela a baya yake sauka ba a gaba ba. Taya ta cika fam tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, duk wani layi a kwalta sai ta bi shi. Na rage zuwa 60, na bar na baya yadda takardar ta ce na lodi.

Na shafa tafin hannu a kan zanen tayoyin gaba, ta ɗaya ɓangaren sumul, in na dawo kuma kaifi kamar haƙorin zarto, alamar bakin tayoyin bai daidaita ba an daɗe. Lambobi huɗun ƙarshe na jikinsu 2318, wato an ƙera su a sati na 23 na shekarar 2018, sun tsufa su ma amma ba zan sa sababbi yanzu ƙafa ta cinye min su ba. Rage iskar ya ɗan kwantar da ita. Wasan sitiyari dai yana nan 9.

16 ga Maris

Tirak-ba. Na ɗauka bushin kawai zan canza in tashi, ashe ramin da kusar ke shiga a jikin sasi ya zama kamar ƙwai, an daɗe kusar na rawa a ciki tana cin ƙarfen. Da na sa sabuwar sanda a wannan ramin da aikin banza na yi, wata biyu ta dawo gidan jiya. Na samo wosha, faifan nan mai rami a tsakiya, mai kauri na ƙarfe mai tauri daidai girman kusar, aka yi min walda a kan ramin ta ɓangarorin biyu, na sa sabuwar kusa dan tsohuwar ta sirance a tsakiya.

Wajen mayarwa ramin ya ƙi haɗuwa, na sha fama ina turawa da tayaliba har na tuna dabarar, in tayoyi na ƙasa aka juya sitiyari kaɗan bodin ne ke matsawa a kan aksil, ƙanena ya juya a hankali rami ya zo daidai kusa ta shige. Ban ɗaure ƙarshe ba sai da motar ke tsaye da nauyinta, in ka ɗaure bushin roba tana rataye a jak to da ta sauka robar a murɗe za ta zauna. Kuma da sufana mai awon ƙarfi na ɗaure zuwa abin da littafin motar ya ce, nan ba wajen "inaga ya isa" ba ne.

A titi bambancin ya fito, abin nan da nake ji kamar gaban motar na zamewa kafin ya juya ya tafi. Awo ya dawo 7 da rabi.

23 ga Maris

Tayarod duka biyu da doguwar sandar. Tunda ɗaya ya mutu sauran ma sa'o'insa ne. Na ƙirga juyin kowane tsohon kai da na kwance na kuma auna tsawo daga tsakiya zuwa tsakiya, dan ƙirgen juyi kaɗai yakan yaudare ka in zaren sabon bai kai tsohon tsawo ba. Guduma a gefen kunnen da kan ya shiga ake bugawa ba a kan zaren ba, bugu uku huɗu mai kyau sai ya faɗo. Noti mai tsaga kuma in ramin fil bai zo daidai ba gaba ake ƙarawa, ba a sassautawa baya.

Na daidaita bakin tayoyi da tef na wucin gadi, na zana layi da alli a tsakiyar kowace taya na auna gaba na auna baya. Kafin aikin gaban ya fi bayan faɗi da kusan milimita 5, wato tayoyin kowace na kallon waje, kowace na son tafiya garinsu, dole mota ta yi yawo. Na mayar gaba ya fi baya matsewa da milimita 3. Sitiyari ya ɗan karkace, na miƙar da shi ta doguwar sandar, ita ba ta taɓa bakin tayoyi.

Awo 5.

30 da 31 ga Maris

Bol-joyin. Kwana biyu cur, ba na son tuna shi sosai. Sai an cire birki, an cire hob, wato inda taya ke ɗaurewa, an zare shaf ɗin aksil kafin a kai gare su, hob ɗin dama tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa kamar an yi walda. Na canza huɗun duka da matsi, tunda na riga na buɗe na canza kuros, gaɓar nan mai kamar gicciye, na shaf ɗin dama dan ya fara tauri, shi ma in ya ƙage yakan riƙe sitiyari a kwana.

Bayan na haɗa sai motar ta dawo da halin nan na ranar 5 ga wata, in na karkata ta zauna a karkace. Raina ya ɓaci na ɗauka na ɓata wani abu. Na cire tayarod na juya ƙafar da hannu, da tauri amma ba ta maƙalewa, sababbin ne ba su saki jiki ba. Na sake duba tsarin ɗaurin notin sama da na ƙasa yadda littafi ya jera, na ɗura giris, na bar ta. Bayan kamar kilomita 300 ta saki.

6 ga Afrilu

Sababbin tayoyin gaba, sannan na kai ta alaimen. Wani dattijo ne a kan na'urar, ya duba allo ya ce "ɗana to-in ɗinka, saitin bakin tayoyin da ka yi da tef, ba laifi, amma kasta ɗinka ne ya yi ƙasa, digiri 2 da ɗan abu." Na ce Baba ai yana cikin abin da aka yarda ko? Ya ce a bakin iyaka yake, kuma motar da ke jan kaya ba a barinta a bakin iyaka. Kasta shi ne kwanciyar da layin juyin ƙafa ke yi zuwa baya, irin kwanciyar cokalin gaban keke, shi ke sa taya ta nemi miƙewa da kanta ta dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Bushin hannayen da ke riƙe aksil in sun lotsa sai aksil ya ɗan mirgina kasta ya ragu. Ya duba su ya ce na ƙasa biyu su tafi, aka canza, ya juya kusoshin saiti ya kai shi wajen digiri 4, dama ya ɗara hagu kaɗan saboda gangaren titi.

Ba kaya motar ta zama wata daban wallahi, yatsa biyu na riƙe ta. Da yamma na ɗaura tirela da lodi ina ta washe baki, ina kaiwa gudun 80 sai ga yawo ya dawo. Bai kai na da ba amma yana nan, sitiyari ya yi sakayau kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa sosai. Na dawo gida ban yi wa kowa magana ba.

13 ga Afrilu

Sati guda ina tunanin abin, ƙarshe na ajiye sufana na ɗauki tef. A fili shimfiɗaɗɗe na auna daga ƙasa zuwa bakin mudgad na gaba ba tirela, na ɗaura tirela na sake aunawa. Gaba ya ɗaga santimita 3, baya ya zauna 8. Na je sikelin manyan motoci na auna, tirela da kaya kilo 3,000, nauyin da wuyanta ke dannawa a kan ƙugiya kilo 470, kusan kashi 16 cikin ɗari. Abin da ake so a irin wannan tirelar tsakanin kashi 10 zuwa 15 ne.

Lissafin mai sauƙi ne da na zauna na yi shi. Aksil ɗin baya ya zama kamar tsakiyar lilo. Daga shi zuwa ƙugiya mita 1.3, daga shi zuwa aksil ɗin gaba mita 3.9, kashi ɗaya cikin uku kenan, dan haka kilo 470 a ƙugiya na ɗauke wa tayoyin gaba kusan kilo 157, baya kuma ta ɗauki 470 ɗin da 157 ɗin duka, 627. Tayoyin da ke tuƙa motar an rage musu riƙo, duk sabon tayarod ɗin duniya ba zai maye wannan ba. Shekaru ina loda kaya masu nauyi can gaban tirela dan tsoron kar ta riƙa kaɗa wutsiya, tsoron gaskiya ne dan in wuya ya yi sakayau abin ya fi haɗari, amma na wuce gona da iri.

Na matsar da kaya baya kaɗan zuwa saman aksil ɗin tirela har wuya ya dawo kilo 360, kashi 12. Sannan na sa ƙugiya mai rarraba nauyi, mai sandunan sifirin biyu da ke ɗaurewa a wuyan tirela suna mayar da wani nauyin gaba. Na so in sa balan-balan ɗin iska a sifirin baya, na fasa, su ɗaga bayan kawai suke yi motar ta yi kyau a ido, nauyin da ya bar gaba ba sa dawo da shi. Na ɗaure sandunan har mudgad ɗin gaba ya dawo saura ƙasa da santimita 1 ya kai inda yake ba kaya, na tsaya nan, ba a so ya sauka ƙasa da asalinsa.

Gwaji kilomita 40. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne canza tafiya da tirela, kuma da tun ranar farko na yi shi ba abin da zai hana.

20 ga Afrilu

Saura santimita 5 ɗin nan, yanzu ba inda za su ɓuya sai shaf da giyabos. Na riƙe shaf ɗin da ya sauko daga sitiyari da filaya ta ƙasan kuros, ƙanena ya kaɗa, akwai ɗan wasa a kuros ɗin ƙasa. Giyabos kuma shaf ɗin da hannun ke ɗaure a kai yana motsi gefe da gefe kafin ya juya, ga mai na tsatsafowa ta nan. Wannan sukurun sama ba zai taɓa gyara shi ba, shi ya sa ranar nan ya ƙi. Na canza duka biyun, giyabos wanda aka sake ginawa. Na duba sasi a wajen kusoshinsa ko ya tsage, lafiya lau.

Kafin in cire shaf na ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera, in ya juya sakaka zai tsinke wayar da ke naɗe a bayansa ta hon da jakar iska. Hannun giyabos sai da fula, ƙarfen zaro abin da ya kama, ya saki da ƙara kamar bindiga. Wajen fitar da iska daga man sitiyari na ɗaga gaba, inji a kashe, na juya ƙarshe zuwa ƙarshe wajen sau 20 ina ƙara mai har kumfa ta daina, sannan na tayar. Famfo ya yi ɗan kuka na minti biyu ya yi shiru. Na miƙar da sitiyari ta doguwar sandar.

Awo 2 da rabi.

4 ga Mayu

Tafiya ta farko mai nisa, kilomita 620 zuwa da dawowa, tirela cike. Manyan motoci sun wuce ni ba adadi, tana ɗan jin iskar ta dawo layinta da kanta. Na sauka kafaɗuna ba ciwo. Da na dawo na bi duk notin da na taɓa da sufana mai awo, kusar tirak-ba ta sasi ta karɓi ɗan ƙari, sauran ba su motsa ba, na ɗiga musu fenti dan in riƙa gani da ido. Wasa har yanzu 2 da rabi.

Shokazoban sitiyari, mai kwantar da girgizar sitiyari, ban canza shi ba har yau, da gangan, mutum uku sun ce min da shi zan fara amma shi rufe ciwo yake, da na sa sabo tun farko da ban ji tirak-ba ɗin nan ba. Yanzu da ƙafa ta zauna zan canza shi dan ya fara jiƙewa da mai. Akwai kuma ɗan ja zuwa dama in na saki hannu a titi mai laushi, zan musanya tayoyin gaba hagu da dama ranar Asabar in ga ko jan zai bi taya, in bai bi ba sai in duba kalifar birkin dama ko tana riƙewa. Bushin sifirin baya ma na ga sun fara tsagewa, an yi odarsu.